Makirfo a rumfar Inna

Ban taɓa shan wahalar wani abu ba kamar yadda na sha ta haɗa makirfo da kwamfuta. Na yi shekaru ina jan tanka, na kwana a ƙarƙashin mota a Tafa ruwan sama na dukana, na canza taya ni kaɗai a kan gangara, duk ban ji jiki ba kamar yadda ɗan abin nan da bai kai tsawon muciya ba ya ba ni. Wanda ya iya zai yi dariya. To, ya yi. Ni karatuna a firamare ya tsaya, can ma ban ƙarasa ba.

Abin da ya kai ni ga wannan wahala muryar Inna ce.

Bayan rasuwar mahaifinmu da 'yan shekaru, wata rana ina cikin gosulo, motoci sun cushe a hanyar Abuja, na nemi muryarsa a kaina na rasa. Tarinsa ina jin sa. Ina jin yadda yake dire buta a ƙasa in ya gama alwala. Amma murya babu, kamar an share. Akwai wata tsohuwar wayata da ke ɗauke da saƙonsa guda ɗaya, yana cewa in taho masa da man zafi na ƙafa. A tashar mota aka zare ta daga aljihuna. Tun ranar na daina ba waya ajiyar abin da nake so.

Sai na dubi Inna na ga ita ma ta kama hanya. Ta rankwafa, abinci sai ta tsakura. Na ce wannan karon ba za a yi haka da ni ba.

Ni ne ɗan farinta. Tunda na zo duniya ba ta taɓa faɗar sunana ba. Ba ta kallon fuskata, in na shigo sai ta kalli ƙofa ko ta gyara mayafi. Ana yaye ni aka kai ni Tafa wurin goggona, can na tashi, gida sai da salla ko in an yi rasuwa. In Inna za ta yi mini magana sai ta bi ta kan wani. "Ki ce wa wancan ga ruwa nan." Da na fara tuƙi na samu ƙarin girma, na koma "mai mota". Yanzu ga furfura har gemu, ina da jika, amma har yau sai dai ta ce wa autarmu, wadda ta dawo wurinta a Chaza da zama tun da mijinta ya rasu, "Auta, ki tambaye shi ya ya baro yaran." Ina durƙushe a gabanta fa. In amsa, Auta ta maimaita mata, kamar a kotu.

Ban taɓa jin haushi ba. Haka aka yi wa ubana, haka aka yi wa kowane ɗan fari a zuriyarmu. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Amma sanin abu daban, abin da ciki ke so daban.

Sau ɗaya tak na ji ta yi maganata da bakinta. Ina yaro, an kawo ni hutun salla, ina bayan danga ina neman wani abu, mata suna daka a tsakar gida. Inna ce ke ba da waƙa suna amsawa. Cikin waƙar na ji ta ce, "Na ba da shi ba don na ƙi ba." Ban da wayo sosai a lokacin, amma na san da ni take. Na matsa don in ƙara ji, na taka busasshen kara, ta waigo, ta sauya waƙa. Shi ke nan. Sauran baitin ban ji ba, kuma shi nake nema tun ina yaro har na tsufa.

Yanzu na bar tanka, baya ya ƙi. Wani oga nake tuƙawa a Abuja, ina haya a Suleja, kullum in fita da asuba in dawo a gajiye. A ofishinsu na ga suna ɗaukar magana da makirfo a cikin kwamfuta. Da suka kunna sai na ji muryar mutumin kamar yana tsaye a bayana, har haɗiyar yawunsa ana ji. Na ce irin wannan nake so. Ana nan suka sauya kayan ofis, oga ya ba ni wata tsohuwar kwamfutar cinya wai in kai wa yara. Ban kai musu ba.

A babbar kasuwa akwai wani ɗan kudu mai sayar da kayan sauti, Hausarsa a karkace take amma ta ishe shi ciniki har da tsiya. Na ce masa makirfo nake so. Ya ba ni irin na masu wa'azi, da kebul mai kauri. Na zo gida na juya kwamfuta gaba da baya, bakin kebul ɗin kamar babban yatsa, ramin kwamfutar kuwa ko tsinke da ƙyar. Na koma. Ya ba ni wani ɗan ƙarfe da ake sa wa a baki ya rage kauri. Ya shiga, na yi murna, na yi sallama a ciki, na kunna. Babu abin da ya fito sai wani gunji kamar zuma ta shiga tulu. Na sake komawa, ranar ma ana ruwa.

"Baba direba, kai kuma!" in ji shi. "Kullum kai ne. Ko in ba ka kujera ka zama yaron shago?"

Na ce ba wasa ya kawo ni ba, kayansa ba sa aiki.

"Kaya na aiki. Makirfo yarensa daban, kwamfuta yarenta daban. Kamar ni da surukata. Sai an sa tafinta a tsakani."

Tafintan wani ɗan akwati ne kamar kwalin sabulu, mai 'yar koriyar fitila. Kebul ɗin makirfo ya shiga ta gaba, wata siririyar igiya ta fita ta baya ta shiga kwamfuta. Ya haɗa a gabana, ya taɓa nan ya taɓa can a fuskar kwamfutar, ya ce in yi magana. Na yi. Muryata ta fito tas, har na ji kunya, ashe haka take da kaushi. Ya nuna mini jan maɓallin da zan danna, da wani layi da ke tsalle in ana magana. Ni kuwa idona na kan igiyoyi, wacce ta shiga ina, don a mota haka na saba, in waya ta shiga inda ya dace fitila za ta kama. Abin da yatsansa ya yi a fuskar kwamfuta ban bi ba.

Ya kuma ce in nemi ɗaki shiru, in toshe taga da katifa, in kashe fanka, mai magana ya sa bakinsa kamar taƙi ɗaya daga makirfo.

Ran Lahadi, ranar hutuna, na hau acaɓa na tafi Chaza da kayan a buhu. Na yi duk yadda ya ce. Na jingina katifa a tagar ɗakin Inna, na rufe ƙofa, na kafa makirfo a kan kwano, na sa Auta ta zaunar da ita a gabansa. Ni kuma na zauna daf da ita da kwamfuta a cinya, na danna ja, na ce, "Inna, waƙar dakan nan taku ta da nake so ki yi."

Ta kalli ƙofa. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Auta," ta ce, "ki ce masa ya cire katifar nan, zafi zai kashe mutane."

Auta ta riƙe ciki ta fita waje tana dariya. Na bi ta.

"Yaya, kai ko tsoron Allah ba ka yi? Ka tasa ta gaba kamar ɗan sanda ka ce ta yi waƙa? A gabanka? Ruwa ma ba ta sha in kana ɗakin."

Na ce to ya zan yi.

"Kuma wa ya gaya maka ana waƙar daka a zaune? Taɓarya ce ke jawo ta. Kai fa a Tafa ka tashi cikin direbobi, me ka sani?"

Ta nuna mini turmin gidan, yana kife a bayan madafa, kaji sun mai da shi wurin hutawa. Tunda aka kafa injin niƙa a bakin hanya babu mai daka. Matan da suke amsa wa Inna waƙa kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya, sai ɗaya da ta makance a gidan ɗanta.

Da na koma gida na kunna abin da na ɗauka. Ga muryar Inna tana cewa a cire katifa, ga dariyar Auta. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai na'ura tana aiki. Ban san wannan ɗan abin da na ji shi ne zai yaudare ni ba.

Ni da Auta muka ƙulla. Zan kawo gero in ce furar daka nake marmari, ta inji warin mai take yi mini. Zan gaishe su in yi sallama kamar na tafi, in zagaya bayan katanga in zauna. Makirfo yana ciki, ni da kwamfuta muna waje. Abin da ya rage doguwar igiya.

"Baba direba," in ji ɗan kudu da na faɗi tsawon da nake so, "masallaci za ka buɗe?"

Ya yanko, ya liƙa mata kawuna, ya ce kada in ajiye makirfo a ƙasa kusa da turmi, dukan zai bi ƙasa ya cika shi, in rataye shi sama.

Lahadin da ta biyo na isa da hantsi. Auta ta riga ta wanke turmi ta shanya. Inna na banɗaki muka rataye makirfon a rumfar madafa, cikin damin masarar iri da ke rataye a wurin, muka lulluɓe shi da tsumma. Igiyar muka bi da ita gindin bango, muka zura ta wuriyar da ruwan wanke-wanke ke fita. Da Inna ta fito na durƙusa na gaishe ta, na ajiye gero, na ce ina da uzuri a gari, da yamma zan aiko a karɓi fura. Ta ce wa Auta ta ce mini Allah ya tsare hanya.

Na fita ta ƙofa, na zagaya. Bayan katangar nan garken awakin maƙwabta ne, ga wari ga ƙuda. Na sami dutse na zauna, na jona igiyoyi yadda na haddace, koriyar fitila ta kama.

Na ji Auta ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta fara surfe. Da gangan take yi a sanyaye. Ba a jima ba na ji Inna.

"Wannan daka ne ko lallashi? Geron zai yi barci a hannunki."

"To Inna ai ƙarfina ke nan."

"Ƙarfinki na wurin surutu. Ba ni nan."

"Ke da bayanki?"

"Bayana ya daka abin da ya rene ki. Ɗauko ɗayar taɓaryar."

Sai dukan ya zama biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai rauni, suna karɓar juna. Na danna ja. Layin ya fara motsi. Suka daɗe ba wanda ya ce komai sai turmi. Har na fara cewa yau ma an yi asara. Can sai na ji ta yi gyaran murya.

Muryar ta tsufa, tana karyewa a sama, numfashi na yanke ta. Amma ita ce. Ta fara da wasu baitoci a kan damina da tsuntsayen da ke cin gero, Auta na amsawa, "Daka dai, daka." Sannan ta zo wurin.

"Na ba da shi ba don na ƙi ba,
ido ya raka shi, baki ya ƙi."

"Daka dai, daka."

Ashe sauran ke nan. Abin da na taka kara na rasa ke nan. Ina zaton ta gama, sai ta ƙara wani da ban taɓa ji ba, kuma ba na da ba ne, don a da ba ni da mota.

"Mai bin baƙar hanya dare da rana,
in ya tsaya ku ba shi ruwa,
kada ku ce ni na aiko."

Ba zan ɓoye ba, na yi kuka. Ƙato da ni, a gindin garken awaki. Na toshe baki da hula don kada su ji. Idona na kan layin nan, ina ganin yana tsalle, ina cewa a raina, ɗauki, ɗauki duka, kada ka bar ko ɗaya.

Ba ta daɗe ba ta gaji. Na ji ta ce wa Auta ta ƙarasa, na ji ta ja kujera. Na zare igiyar daga ɗan akwatin a hankali, na bar ta da makirfon Auta ta adana, na bi ta gonaki na fita bakin hanya.

Bayan la'asar na shiga ɗaki, na ce wa mai ɗakina kada yara su dame ni. Na rufe ƙofa na kunna.

Numfashi na fara ji, kusa, mai nauyi, kamar na bijimi. Sai kukan akuya. Sai ƙuda. Can nesa ƙwarai, dum, dum, kamar ana daka a wani gari. Na ƙara ƙara har ƙarshe. Muryar Inna tana nan, amma kamar kukan sauro a bayan gidan sauro, ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Abin da ya fito tas shi ne wani tsoho yana jan majina, yana raɗa da muryarsa mai kaushi, "Daka dai, daka." Ni ne. Ban ma san ina amsawa ba.

Na saurara har ƙarshe ko za ta gyaru. Ba ta gyaru ba. Na tafi in ɗauko uwata, na ɗauko kaina.

Na kira ɗan kudu a waya, yana gida, ana ta hayaniya a bayansa. Na ce fitila ta kama, layi ya yi tsalle, me ya faru?

"Ka gaya wa kwamfuta da wane kunne za ta ji?"

Na ce wane irin kunne.

"Haba Baba direba! Tana da nata kunne a ciki, ɗan rami a saman gilashi. Wannan tsohuwa ce, duk ka zare ka mayar sai ta koma nata. Sai ka shiga ka zaɓa mata na waje. Ai na yi a gabanka."

Ya yi a gabana, gaskiya ne. Igiya nake kallo. Ranar katifa kuwa ina zaune kusa da Inna, shi ya sa kunnen cikin ya ji mu duka, ni kuma na ɗauka makirfo ne.

Na daɗe zaune. Tsohuwar da ta yi shekaru ba ta taɓa taɓarya ba, an samu ta ɗaga sau ɗaya, wa zai ce za ta sake? Kuma da wace ƙarya zan koma? Fura ma ban aika an karɓa ba.

Dab da magariba na kira Auta na gaya mata. Na ce kada ta gaya wa Inna komai.

"Yaya, wa kake ɓoye wa?" ta ce. "Kana fita ta ce in matsar da turmi gindin rumfa, wai rana ta yi yawa. Ina rana da hantsin nan, ga hadari? Da kaza ta zo tana tsattsagar igiyarka ita ta kore ta da ƙafa."

Ba ta tsaya nan ba.

"Ka ɗauka ba ta san tarinka ba? Mutum ya zauna a bayan bango yana jan hanci kamar injin ban ruwa."

Sai na ji ta juya tana magana da wani, na ji ta ce wai abin bai kama ba. Sannan daga nesa, cikin wayar, na ji muryar Inna.

"Ki ce wa mai igiya geron nan da ya kawo duk tsakuwa ne. In zai kawo wani ya buɗe ido."

Washegari Litinin. Na kira oga tun da asuba na ce yau ba zan samu fitowa ba, ya nemi wani. Ya fara faɗa, na ce ya yi haƙuri, na kashe. Na je kasuwa na zauna a bakin shagon ɗan kudu tun bai buɗe ba. Da ya zo na ce ya nuna mini wurin kunnen nan, a hankali, kamar yana koya wa jaki. Ya nuna. Na ce ya cire hannunsa. Na zare, na mayar, na zaɓa da kaina, na sake zarewa, har sai da yatsana ya san hanya. Ya ce kafin in danna ja in sa a sosa kan makirfon da farce, in layi ya yi tsalle to shi ne ke ji. Ya ba ni abin sawa a kunne ya ce in jona a ɗan akwatin, abin da makirfo ya ji shi zan ji.

Na wuce layin 'yan hatsi. Na zuba gero a tafin hannu na duba, na bar wannan na je wancan, har mai hatsin ya ce ko aure zan yi da shi.

A Chaza ban yi wata ƙarya ba. Na gaishe ta, na ajiye gero, na fita na zagaya. Auta ta turo mini bakin igiya ta wuriya. Na zauna a kan dutsen jiya, na jona, na zaɓi kunnen waje, na sa abin ji. Auta ta sosa makirfon, ƙarar ta shiga har ƙwaƙwalwata, layi ya yi sama. Na danna ja.

Na ji tsakar gidanmu a cikin kaina. Na ji kaji, na ji an zuba gero a turmi, na ji takun ƙafa a hankali, mai jan silifa. Takun ya matso har gindin rumfa ya tsaya. Na ji numfashinta, kusa da ni yadda ban taɓa ji ba tunda aka yaye ni.

"Auta," ta ce, "ki tambaye shi ko yanzu yana ji."

Na ɗaga hannu na bubbuga bangon.